Inda Kaset ɗin Malam Habu Ya Yanke

Tun da na dawo daga Faransa ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Wannan ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta ya ce, "Mushe, da gaske ne can rana ba ta faɗuwa sai an yi isha?" Wancan ya ce in faɗa masa ko na hau dogon ƙarfen nan na Paris. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya kwashi nasa ya je ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Amma wanda ke jiran labarin daɗi ya rage ɗoki. Na tafi da ƙaramin rakoda a aljihu don in ɗauko muryar mutum ɗaya, na dawo da shi babu komai a ciki, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Mutumin shi ne Malam Habu mai fassara. Yaran yanzu ba su san shi ba, amma duk wanda ya yi samartaka a Damagaram zamanin kaset ya san rumfar bidiyonsa ta bayan tasha: benci-benci, talabijin guda a kan tebur, shi kuma a gefe da makirfo a hannu. Ingilishinsa bai wuce na ciniki da ya tsinto a Legas ba, amma fuska yake karantawa. Bature zai buɗe baki a talabijin, Hausa ta fito daga bakin Malam Habu, har ka rantse a unguwar Birni aka haifi Baturen. Sauran rumfuna na Indiya da na 'yan Sin suke sawa. Shi kuwa ya fi son na Amurka irin na masu bincike, inda za ka ga tsohon ɗan sanda da aka kora ya buɗe ɗan ofis, ana ba shi aikin nemo wanda ya ɓace, yana yawo cikin gari a tsohuwar mota, duk wanda ya tambaya sai ya yi masa ƙarya.

A cikinsu akwai wanda muka sa wa suna Ɗan Mai Wanki, don sunansa na asali ya fi ƙarfin bakinmu. Wata tsohuwa ce mai wanki da guga ta ɗauki mai bincike, wanda Malam Habu ya raɗa wa Dogo, ya nemo mata ɗanta. Ɗan nata direban wani babban ɗan kwangila ne, ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ya gudu. Dogo ya sha duka, ya sha yaudara, har ya gano inda saurayin ya ɓuya a wani gidan haya a bakin teku. Ya hau bene, ya tsaya bakin ƙofa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Daidai nan Malam Habu yake miƙa hannu ya kashe talabijin, ya miƙe tsaye ya ƙarasa mana da baki: yadda aka buɗe ƙofa, yadda Dogo ya sa saurayin a mota, yadda tsohuwa ta saki dutsen guga ta rungume ɗanta, yadda aka sa wa ɗan kwangila ankwa. Na ga ƙattin mahauta suna share ido a wurin nan. Mu dai mun ɗauka salonsa ne, don wurin da ya fi daɗi ya fi so ya fito daga bakinsa.

Da wayoyin hannu suka zo rumfa ta mutu. Matarsa ta rasu, ciwon suga ya taso masa, ɗansa Lawali da ke aiki a wani asibiti a Lyon ya ɗauke shi, bai sake dawowa ba. Ni kuma bayan na ajiye alli na kama wani ɗan shiri na fina-finai a rediyon unguwa. Saboda haka da ƙanena Alhaji Mamman, wanda ke kasuwanci a Paris, ya aiko mini in zo bikin kammala karatun 'yarsa Balkisa, abin da ya fara faɗo mini a rai ba bikin ba ne. Na ce Allah ya kawo ranar da zan naɗo Malam Habu yana ba da Ɗan Mai Wanki, mutanen gari su sake jinsa kafin ƙasa ta rufe ido.

Daga Damagaram zuwa Yamai a mota, wanda ya taɓa yi ba ya bukatar bayani, bayansa zai tuna masa. Na zauna kusa da wani dillalin albasa wanda bai taɓa wuce Gaya ba, amma ya fi kowa sanin Faransa. Ya gargaɗe ni cewa can in ka tofar da yawu ana kai ka kotu, in ka yi atishawa sai ka nuna takarda. Na yi ta ce masa to, don musu da irinsu ƙarin gajiya ne. Abin da bai gargaɗe ni a kai ba shi ne kilishi. Na sa an yi mini na musamman, mai ƙarancin yaji, na naɗe shi da kyau a tsakiyar kaya don Malam Habu.

A filin jirgin Paris wani karen 'yan duwan, wato kwastan, ya zo ya zauna gaban jakata kamar mun saba. Wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta buɗe. Na tattaro duk Faransancin da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yara, na yi mata bayani cewa wannan abu ya bushe, ya sha rana ya sha wuta, ya daina zama nama tun tuni. Ta saurare ni da ladabi har na gama, sannan ta ce, "Monsieur, nama dai nama ne." Ta jefa shi cikin wata babbar mazuba. Ni da karen muka bi shi da kallo, kuma ina jin karen ya fi ni baƙin ciki.

Alhaji Mamman yana zaune a La Courneuve, cikin wani dogon gini mai cike da 'yan Afirka. Ranar da na iso asansar, na'urar da ke hawa da mutane bene, ya lalace, muka hau da ƙafa, shi yana ba ni haƙuri ni ina neman numfashi. A tsakiyar hawan muka gamu da wani maƙwabcinsa, na tsaya na gaishe shi yadda ake gaisuwa, na tambayi gida da iyali da gajiya. Mutumin ya ƙanƙame jakarsa ya raɓa ta gefe. Alhaji ya ce, "Yaya, nan kalma guda ake yi a wuce. In ka ƙara ta biyu sai a ɗauka wani abu kake so." Abinci kuwa ban sha wahala ba, don matarsa Hajiya Rabi tana tuƙa tuwon semul da miyar kukar da ake kawo mata daga gida. Burodinsu dai na sallama musu. Amma akwai wani cuku da Balkisa ta miƙo mini, na shinshina na mayar mata, na ce a gida in abu ya kai haka binne shi ake yi.

Balkisa can aka haife ta, Hausarta rabi da rabi ce. Karatun fim ta yi, abin da har yanzu ubanta bai haɗiye ba. Yana cewa, "Na sa ta lakwal ta zama likita, ta je tana kallo ana ba ta diploma." Da ta ji irin fina-finan da nake so sai ta yi tsalle, ashe a kansu ta yi bincikenta. Wata rana da la'asar ta kai ni wani ƙaramin gidan silima a unguwar jami'a. Yawancin masu kallo tsofaffin Turawa ne, sun yi tsit kamar ana zaman makoki. A rumfar Malam Habu kowa mai ba da shawara ne, ana zagin mugu, ana yi wa jarumi addu'a. To bakina bai san ya canja ƙasa ba. Da na ga wani ya laɓe bayan ƙofa da bindiga, sai na ji na ce, "Kai, bayanka!" Layi guda ya juyo. Wata tsohuwa ta dube ni ta saman tabarau, na shiga taitayina har aka tashi.

Da muka fito muka zauna shan kofi, ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ta ce asali akwai na da, marasa kala, waɗanda Faransawa ke alfaharin su suka fara ganin darajarsu har suka sa musu suna baƙin fim. Daga baya wasu Amurkawa suka dawo da irinsu cikin kala, amma suka sa mai binciken ya zama wanda ake kayarwa. Da farko, in ji ta, masu sharhi da yawa ba su yi na'am ba. Wasu suka ce jikoki ne suka ari rigar kakanninsu, wasu suka ce mutum ya shiga kallo lafiya ya fito da ciwon zuciya. Da tafiya ta yi tafiya sai aka juya, aka ce ai su ne suka faɗi gaskiyar ƙasar da babban mutum ba ya shiga hannu. Yanzu koyar da su ake yi a jami'a. Na ce mata na fahimta: a wurin masu sharhin nan, in fim ya ƙare da biki na yara ne, in ya ƙare da gawa ya zama ilimi. Ta yi dariya, ta kira ni baffa da Faransanci ta ce, "Tonton, tu exagères, ka cika tsokana."

Sai na ba ta labarin Ɗan Mai Wanki. Ban kai rabi ba ta gane shi, ta ce yana cikin manyan da ta yi rubutu a kansu, kuma ƙarshensa ne ya sa ake girmama shi. Na ce ƙwarai kuwa, wa zai manta inda tsohuwa ta saki dutsen guga?

Ta ce, "Wane dutsen guga, Tonton?"

Da muka koma gida ta buɗe mini a kwamfutarta. Dogo ya ƙwanƙwasa, saurayin ya buɗe. Dogo bai gama ce masa uwarka ce ta aiko ni ba sai ga takun mutane a bene. Ashe tun farko yaran ɗan kwangila bayansa suke bi, shi ya yi musu jagora bai sani ba. A gabansa suka harbe saurayin, shi ko taɓa shi ba su yi ba. Daga nan aka nuno Dogo tsaye a tsallaken titi yana hangen tsohuwa tana guga, ya kasa tsallakawa, ya juya ya tafi. Ɗan kwangila kuma yana yanka kyalle yana buɗe sabuwar gada ana tafa masa.

Na daɗe ina kallon allon. Sai kuma dariya ta kama ni. Na ce, kai Malam Habu, tsoho mai wayo! Ai mun san halin masu fassararmu: giya ta zama lemo, farka ta zama matar aure, in za a yi abin kunya a tura kaset gaba. Na ce ya kalli ƙarshen ya ga bai dace da mu ba, ya gyara mana. Ko kaɗan wani tunani bai zo mini ba. Da Balkisa ta ce ai ana nuna shi a Lyon cikin satin da zan je, an wanke shi ya fito tas, sai na ce ta kama mana wuri biyu. A raina babu karramawar da ta fi in kai shi ya ga fim ɗinsa a babban allo.

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar an biyo shi. Hajiya Rabi ta haɗa mini guzuri irin na mai zuwa Agadas, ban ci rabi ba aka ce mun iso. Lawali ya tarye ni, muka hau bas zuwa Rillieux-la-Pape, wata unguwa a kan tudu mai dogayen gidaje iri ɗaya. Na sami Malam Habu a falo ya rame, da safa a ƙafa da hula har kunne, amma muryar tana nan. Muka gaisa irin ta gida, muka bi unguwannin Damagaram gida-gida, wa ya rasu wa ya saura.

A kicin Lawali ya faɗa mini yadda zaman yake. Ya ce duk sati Baba ba ya haɗa magana goma, jikokinsa Faransanci suke yi, shi kuma ba ya fita sai asibiti da masallaci. Amma ran Lahadi da la'asar mutanenmu na kewaye suna zuwa, 'yan kasuwa da masu gadi da ɗalibai, a dafa shayi, ya ba su fim da ka, ba talabijin ba komai. Ya ce, "Yaya Isuhu, wallahi Lahadin nan ce ke riƙe da shi. Tun Juma'a yake sa a goge masa riga."

Na fito da rakoda a ranar na ce mu fara. Malam Habu ya kaɗa kai ya ce, "Ni ban iya yi wa bango fassara ba. Bari Lahadi, in mutane sun taru." Na mayar da shi aljihu. Da na matsa masa a ranar da ya yi, don ba ya iya ƙin roƙona. Wannan mayarwa ita ce abin da na fi nadama a duk tafiyar.

Ran Asabar bayan azahar muka tafi silima. Ya sa babbar riga da turare kamar mai zuwa Idi. Kafin a fara wani Bature mai gemu ya hau gaba ya yi ta yabon fim ɗin, ya ce da ya fito an yi masa rowar yabo, yau kuwa kowa ya yarda ƙarshensa yana cikin waɗanda ba a mantawa. Na raɗa wa Malam Habu abin da ya ce. Ya gyara zama ya ce, "Ashe su ma sun sani."

Aka kashe fitila. Ina jin leɓensa yana motsi a gefena, yana fassara ƙasa-ƙasa, bai manta ko tari ɗaya na Dogo ba. Wani lokaci ya riga Baturen buɗe baki. Na yi ta murna a raina ina cewa gobe akwai naɗi. Dogo ya hau bene, ya tsaya bakin ƙofa, ya ɗaga hannu. Sai na ga Malam Habu ya tattara rigarsa ya dafa kujera zai tashi. Aka ƙwanƙwasa ƙofa a allo. Ya koma ya zauna a hankali, ya kama wuyan hannuna.

Ya ce, "Isuhu, akwai saura?"

Nan take na gane bai taɓa ganin ƙarshen ba. Na so in ce masa mu fita, amma an riga an buɗe ƙofa. Da aka harbi saurayin ya ce innalillahi a fili, ba wanda ya juyo ya hana shi. Da aka nuno tsohuwa tana guga ya matse hannuna har ya yi mini ciwo. Aka kunna fitila, Turawa suka yi ta tafi, shi yana zaune har wurin ya watse.

Sai a wurin jiran bas ya yi magana. Ya ce kaset ɗin daga Kano aka kawo masa, kwafi ne na kwafi, fim ɗin ya fi zaren tsawo, daidai bakin ƙofa yake yankewa. Shi ya sa yake kashewa da kansa kada mu ga allo ya yi fari. Ya ce, "Na ɗauka ɗan abu kaɗan ya rage. Mutum ya sha wannan wahala har ya kai bakin ƙofa, mi ya saura in ba a buɗe a tahi gida ba?"

Na ce, "Malam, wallahi na ɗauka ka sani. Na ɗauka gyarawa ka yi."

Ya ce, "Kai ka sani kenan?"

Na ce na gani a Paris. Ya dube ni, bai yi faɗa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi mutane suka cika falo, takalma sun taru a bakin ƙofa. Lawali ya ɗora shayi, na ajiye rakoda a kan tebur ina fatan kwana ya wanke abin. Wani dattijo ɗan Tawa mai sayar da turare, Alhaji Ada, ya ce, "Malam, yau muna da baƙo daga gida. A ba mu Ɗan Mai Wanki." Kowa ya ce haka ne. Malam Habu ya gyara murya, muka yi shiru.

Ya ce, "Ku yi haƙuri. Jiya na ga ƙarshensa. Yaron nan bai koma wurin uwarsa ba, kashe shi aka yi."

Alhaji Ada ya ce, "Haba Malam, mu ina ruwanmu da na Turawa? Naka muke so. Ba mu yadda ka saba."

Ya ce, "A'a Alhaji. Da ban sani ba, abin da na yarda da shi nake faɗa muku. Yanzu in na ce ta rungume shi, ƙarya na yi, kuma da furfurata."

Na ga Lawali ya sunkuyar da kai. Na yi ƙarfin hali na ce to a bar wannan, Malam ya ba mu wani, ai suna da yawa, akwai na mai hayar jirgin ruwa, akwai na matar alkali. Ya juyo ya dube ni da idanun nan da suka yi ja.

Ya ce, "Isuhu, kana tsammani wannan kaɗai ne kaset ɗin da ya yanke? Wa ya san mutum nawa na tayar daga kabari?"

Ya jawo sandarsa, Lawali ya kama shi ya shiga ɗaki. Mutane suka sha shayinsu ba hira, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba ni hannu ya ce a gaida gida. Kafin in bar Lyon na shiga sallama, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce in gaida duk wanda ya tuna da shi. Satin da ya wuce na kira Lawali na tambaye shi labarin taron Lahadi. Ya ce mutane sun zo, Baba ya fito sun gaisa, sai ya ce a kunna musu ƙwallo.